Katakon Roba: Motar Iyali a Finafinan Barkwancin Amurka

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba wata mota da ta zama tamkar 'yar wasa a finafinan barkwancinsu. Doguwa ce mai faɗi, da ƙofa a baya, an manna mata wani abu mai kama da katako a gefe da gefe, su kuma suna kiranta station wagon. Duk wanda ya taɓa shiga Peugeot 504 mai dogon baya, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ya san siffar, sai dai ta Amurka ta fi ta tsawo da nauyi da shan mai. Abin tambaya shi ne, me ya sa da zarar wannan mota ta bayyana a fim, tun kafin wani ya buɗe baki, 'yan kallo kan soma murmushi? Amsar da za mu kare ita ce: abin dariyar yana jikin katakon, domin katakon na roba ne, kuma halin maigidan da ke riƙe da sitiyari yake tonawa.

Da fari dai katakon na gaske ne. Sunan motar ya samo asali daga tashar jirgin ƙasa, inda irin waɗannan motoci ke jiran baƙi su kwashe su da akwatunansu zuwa otal ko gidajen attajirai na bayan gari. Kafintoci ne ke haɗa jikinsu, kamar yadda muka san manyan motoci masu bodin katako. Kamfanin Ford ya fitar da tasa a 1929, har ma yana da dazuzzukansa a arewacin jihar Michigan inda yake samun itace. Sai dai katako yana da wuyar sha'ani: ruwa ya ruɓar da shi, rana ta tsaga shi, kuma a kai a kai sai an sake shafa masa fenti mai sheƙi. Saboda haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ƙarfe. Willys ta fitar da mai jikin ƙarfe zalla a 1946, Plymouth ta biyo baya a 1949, kuma Buick ta 1953 ce ta rufe babin katakon gaske a manyan kamfanonin ƙasar. To amma masu saye ba su daina sha'awar kamannin ba, sai kamfanoni suka koma manna wata leda mai zanen jijiyoyin itace a kan ƙarfen. Ku duba ma sunan da Ford ta raɗa wa tata, Country Squire, wato attajirin karkara mai gonaki. Wanda ke sayenta kuwa ma'aikacin ofis ne mai albashi da 'ya'ya da bashin gida. Ta kai har 1991 ana ƙera ta, tana sayar wa mai matsakaicin hali kamannin arzikin da bai da shi.

Fim ɗin da ya fi kowanne cin moriyar wannan shi ne National Lampoon's Vacation na 1983, wanda John Hughes ya rubuta, Harold Ramis ya ba da umarni, Chevy Chase kuma ya fito a matsayin maigida Clark Griswold. Tun daga farko aka nuna mana inda aka dosa. Clark ya je karɓar wata shuɗiyar mota mai kyau da ya yi oda, sai dillali ya turo masa wata daban, bayan an riga an murƙushe tsohuwar motarsa a injin matse ƙarafa. Ba shi da zaɓi, ya dawo gida da abin da bai nema ba, yana kuma nuna wa matarsa kamar dabararsa ce. Motar, wadda suka kira Wagon Queen Family Truckster, asalinta Ford LTD Country Squire ce ta 1979 da masu fim suka ƙara wa muni da gangan: launin kore mai kashe ido, fitilun gaba har 8, da ledar katako da aka lafta mata fiye da kima. A cikinta Clark ya ɗebi matarsa Ellen da 'ya'yansu Rusty da Audrey daga Chicago zuwa wurin shaƙatawa na Walley World a Kalifoniya, tafiyar sama da kilomita 3,000. Matar ta so a hau jirgin sama, shi ya dage a kan mota don ya samu zama da yaransa.

Daga nan mota da maigida suka riƙa tsiyayewa tare. An kwance mata murafen taya a St. Louis, Clark ya yi barci a kan sitiyari, ya kauce hanya a hamada har motar ta yi tsalle ta dira a rairayi, bakanikai suka wawushe ɗan abin da ya rage a aljihunsa. Wata tsohuwa 'yar uwarsu da suka rage wa hanya ta cika a kujerar baya, suka naɗe gawar suka ɗaure a saman mota wurin akwatuna. Duk da haka maigida bai daina washe baki yana cewa komai lafiya ba. Wannan fara'ar ita ce ledar katakonsa, a ƙarƙashinta kuma gajiya ce da tsoron kada iyalinsa su gane ya gaza. Ramin ƙarya ƙurarre ne: da suka isa Walley World, sai suka tarar an rufe shi don gyara.

Wani zai ce ai an yi nisa da fassara, munin motar kawai ake wa dariya, kuma kowace tsohuwar mota za ta iya wannan aikin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin duk motar da ta kulle iyali wuri guda na kwanaki za ta haifar da faɗa da raha. Sai dai akwalar mota tausayi take jawowa, don ba ta ce ita wata ba ce. Motar Clark kuwa sabuwa ce fil, tana burga da abin da ba nata ba, kuma ai mai fankama ake wa dariya in ya faɗi. Hujja ta biyu tana cikin fim ɗin Kirsimeti na iyalin na 1989. A can motarsu Ford Taurus ce ta zamani mai santsin jiki, amma sai da masu fim suka manna mata katakon roba kafin suka ɗora mata ƙatuwar bishiya a ka. Da muni kaɗai suke nema, da ba su koma wa katakon ba.

Wani kuma zai ce wannan raini ne ga masu ƙaramin ƙarfi, har ma akwai masu zargin fim ɗin 1983 da kashe kasuwar motar. Zargin bai tsaya da ƙafarsa ba. Tun rikicin man fetur na 1973 manyan motoci masu shan mai suka fara rasa farin jini, kuma a ƙarshen 1983 Chrysler ta fito da ƙananan bas na iyali, Dodge Caravan da Plymouth Voyager, waɗanda suka fi sauƙin shiga da ɗaukar kaya. Su ne suka ƙwace kasuwar, kuma abin mamaki, wasunsu ma da ledar katakon suka zo. Batun raini kuwa, a dubi yadda fim ɗin ya raba rabo. Jar Ferrari da wata kyakkyawa ke tuƙawa ta sha gilmawa tana ɗauke hankalin Clark, amma ba ta kai kowa ko'ina ba. Motar da ake wa dariya ce ta sauke mutum huɗu a ƙofar Walley World, a fashe a lanƙwashe, ba wanda aka bari a hanya cikinsu. Masu dariyar ma yawancinsu a bayan irinta suka girma, suna kallon ƙeyar mahaifinsu.

Buick Roadmaster ta 1996 ce ta ƙarshe cikin manyan motocin nan masu katakon roba, kuma yau masu tara tsofaffin motoci ne ke nemansu. Abin da finafinan suka gano shi ne uba yakan yi wa iyalinsa alkawarin da ya fi ƙarfinsa, ya lulluɓe shi da kwalliya, sannan ya kama sitiyari ya yi ta tuƙi har a isa. Ledar ta ɓare a hanya, ƙarfen ya kai su.