Robert Koch: Tsakanin Ɗakin Bincike da Ɗakin Karatu

Galibin mutane sun ɗauka ilmin ƙwayoyin cuta a manyan jami'o'i ya fara. Tarihin Robert Koch, Bajamushe, wanda aka haifa a 1843, ya nuna ba haka abin yake ba. Ya gama karatun likita a Jami'ar Gottingen a 1866, sa'an nan a 1872 ya zama likitan gunduma a wani ƙaramin gari, Wollstein. Ba shi da mataimaki, ba shi da ɗakin bincike, sai wani lungu da ya keɓe a gidansa, da madubin ƙara girma.

A nan ya tasam ma antiraks, cutar da take kashe shanu da tumaki. Yakan ɗebi jinin dabbar da ta mutu da ɗan tsinke, ya sa wa ɓera. Ɓeran ya mutu, ya ɗebi nasa ya sa wa wani. Ya kuma raini ƙwayar a cikin ruwan idon sa, har ya ga yadda take dunƙulewa ta zama kamar iri, ta daɗe ba ta mutu ba. Wannan shi ya warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa makiyaya kai, wato yadda makiyaya ɗaya za ta yi ta cinye dabbobi shekara da shekaru. A 1876 ya kai aikin gaban Farfesa Ferdinand Cohn a Breslau, shi kuwa ya buga shi. Ran 24 ga Maris 1882, a Berlin, Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka.

Da aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Berlin a 1885, sai ga lacca, ga jarrabawa, ga taron kwamiti, abubuwan da ba su kwanta masa a rai ba. Amma fa koyarwarsa ta gaskiya a bakin tebur take, inda mataimaki yake koyon raino da rina ƙwayoyi da hannunsa. Daga nan Loeffler ya fito, wanda ya ware ƙwayar mashaƙo a 1884, da Kitasato Bajafane, wanda ya raini ƙwayar sarƙe-haƙora a 1889.

A 1890 Koch ya yi gaggawa. Ya sanar da wani magani na tarin fuka, tubakulin, ya kuma ɓoye abin da ya haɗa shi da shi, abin da ba ya kyautuwa ga malamin jami'a, domin sauran masana ba su da hanyar jarraba da'awarsa. Majinyata suka yi tururuwa zuwa Berlin, waɗansu suka mutu, binciken gawa da Virchow ya yi kuma ya nuna maganin bai warkar ba. A 1891 Koch ya bar kujerar jami'a ya koma shugabancin sabuwar cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa. Tubakulin ɗin daga baya ya yi amfani wajen gwajin gano masu ɗauke da cutar, har yanzu kuwa ana aiki da irinsa. An ba Koch lambar Nobel a 1905, ya rasu a 1910.