Bayan Sallah a Zangon Kwatano: Ina Sahun Asuba Ya Tafi?



Duk wanda ya taɓa kwana a Zango cikin goman ƙarshe na watan azumi ya san yadda unguwar nan take komawa. Babban masallacin Zango yakan cika ya tumbatsa, ƙananan masallatan cikin lunguna su ma ba masaka tsinke. Mai shago ya rufe da wuri don kada asham ta wuce shi, ɗan zemi ya jingine babur ya shiga sahu, direban babbar mota da ke jiran lodi a tashar jiragen ruwa ya zo ya zauna sauraron tafsiri. Da magariba kunu da ƙosai da dabino suna yawo gida-gida. Sai aka ga wata, aka sauko Idi, aka ci tuwon sallah. To, mako guda bayan haka mu koma masallacin unguwarmu da asuba mu ƙirga. Sahun da ya kai bakin ƙofa ya koma ɗaya da rabi, kuma yawancinsu dattawan nan ne da dama can ba su taɓa fashi ba.

Ba mu faɗi haka don nuna wa kowa yatsa ba, domin laifi tudu ne, kuma mu masu wannan rubutu muna cikin waɗanda barci yake kayarwa. Abin da ya kamata mu gane shi ne, a watan azumi jama'a ce take ɗauke da mutum. Maƙwabci ya tashi sahur, kai ma ka tashi. Kowa ya nufi masallaci, ka ji kunyar zama. Da watan ya fita sai a sauke mutum a bar shi da ƙafafunsa, kuma Kwatano ba Kano ba ce, ba Maraɗi ba ce. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi kashi 27.7 ne cikin ɗari na al'ummar Benin, mafi yawansu kuwa a arewa suke. Hukuma na ba da hutun Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi, amma Juma'a ranar aiki ce, ofis da makaranta ba sa tsayawa don azahar. Ga kuma neman abinci da ya yi wuya: rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da rufe ta Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun taɓa aljihun 'yan kasuwa da direbobin Zango ƙwarai. Magidancin da ya ci bashin kayan sallar yara, washegari tunaninsa yana kasuwa.

Duk da haka akwai abin da ya kamata mu tuna. A farkon 2017, da hukuma ta hana shimfiɗa tabarmi a kan titi ranar Juma'a, hankalin kowa ya tashi, har shugabannin Musulmi suka gana da Shugaba Patrice Talon a kan maganar. Hujjarmu a lokacin ita ce masallatai sun yi mana kaɗan. Gaskiya ne, ranar Juma'a sun yi kaɗan. Amma masallatan nan su ne dai suke zama wayam da asubar Talata.

Gadar farko da addini ya shimfiɗa mana bayan azumi ita ce Sitta Shawwal. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Ayyuba al-Ansari cewa wanda ya bi azumin Ramadan da kwana shida na Shawwal yana da ladan azumin shekara. Malamai sun bayyana lissafin: kyakkyawan aiki ana ninka shi goma, kwana 30 sun zama 300, kwana 6 sun zama 60. A nan ne gardama takan tashi a majalisu, domin mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa bai ƙarfafa wannan azumi ba, saboda tsoron kada jahilai su liƙa shi da Ramadan su ɗauke shi farilla. Malaman mazhabar na baya, irin su Shehu Ahmad Dardir na Misra, sun fayyace cewa karhancin yana kan wanda ake koyi da shi idan ya haɗa kwanakin da Sallah kai tsaye, ya jera su, ya bayyana su, yana ganin haɗawar ita ce sunna. Wanda ya yi nasa a natse, ko a jere ko a rarrabe cikin watan, bai shiga wannan ba. A ganinmu ƙarfin da muke ɓatawa wajen musu a kan kwana shida ya fi wanda azumin kansa yake bukata.

Sai dai kafin nafila akwai bashi. Iyayenmu mata, da marasa lafiya, da direbobin da suka sha azumi a hanyar Parakou, duk suna da ramuwa a wuya. A mazhabarmu an karhanta gabatar da nafila a kan ramuwa, kuma wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi, zai rama kuma ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Kwatano na kusa da tsakiyar duniya, dare da yini kusan daidai suke duk shekara, don haka babu wani lokacin gajeren yini da za a ce ana jira. Maigida nagari zai taya uwargida, ya ɗauki Litinin da Alhamis tare da ita, ya kuma yi haƙuri da abincin rana.

Alƙur'ani ma haka. Izu 60 ne. Wanda ya sauke a Ramadan ya karanta izu biyu ne kullum. Idan ya rage zuwa izu ɗaya zai sauke a wata biyu, rabin izu kuwa sauka uku ke nan a shekara, kuma bai kai lokacin da muke ɓatawa muna latsa waya bayan isha ba. Nana A'isha ta ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa aikin da ya ɗore ko da kaɗan ne shi Allah ya fi so. Kuskurenmu shi ne mukan so mu riƙe Ramadan gaba ɗayansa, da muka gaza sai mu saki duka.

Inda abin ya fi damun mu shi ne yara. Ɗan Zango yana tashi da Faransanci a lakwal, Hausa ko Dandanci ko Yarbanci a gida, Fon a kan titi. Larabcin salla ba shi da wani gurbi sai wanda iyaye suka yanka masa. A watan azumi yaro ya ga mahaifinsa da Alƙur'ani a hannu, bayan Sallah ya ga an mayar da shi saman kabad. Wannan darasi ne, kuma yakan shiga fiye da na malamin allo. Littattafan da kakanninmu suka zo da su cikin jakunkunan fatauci, Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ƙanana ne, an tsara su don a riƙa ɗaukar layi biyu ko uku a zama ɗaya. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata 'yan taru ba tare da jiran wani wata na musamman ba. Ƙungiyoyin matanmu da suke haɗuwa don adashi da biki da suna za su iya ware rabin sa'a a kowace haɗuwa don babi ɗaya na tsarki ko na salla.

Haka kuma tukunyar sadaka. Almajiri da baƙo da bazawara mai marayu da suka saba samun buɗa-baki a ƙofar masallaci, yunwarsu ba ta ga watan Shawwal ba. Gidaje goma a layi ɗaya, idan kowane ya ɗauki Juma'a guda ya fitar da kwano, sai bayan mako goma zagaye zai dawo kan na farko.

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana saba'in ne ko ƙasa da haka kaɗan. A cikinsu akwai Sitta Shawwal, da fararen kwanaki 13 da 14 da 15 na kowane wata, da goman farko na Zulhajji, da azumin Arfa ga wanda bai je Hajji ba. Wanda yake da maƙwabci mai nauyin barci, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa gobe idan an yi kiran farko, kamar yadda ya riƙa yi masa lokacin sahur.