Koyar da yara ilimin tasowa kan ruwa ta hanyar haɗa jirgi

Koyar da yara ilimin tasowa kan ruwa ta hanyar haɗa jirgi wata dabara ce ta koyar da kimiyya, inda yara ke haɗa ƙananan jirage da hannunsu don su gane dalilin da ya sa wani abu ke tasowa, wani kuma ya nutse. Darasin yana da muhimmanci a kudancin Jihar Sakkwato, kamar ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, inda ake ƙetare gulbi da kwale-kwale, musamman da damina.

Ƙa'idar

Masanin Girka Arkimidis, wanda ya rasu a shekarar 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya bayyana ƙa'idar. Duk abin da aka saka cikin ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Don haka ƙwarya mai cin lita 2 za ta nutse da zarar nauyinta da na kayan cikinta sun haura kilo 2. Wannan ƙa'ida ce ke riƙe masunta a kan gora a bikin kamun kifi na Argungu.

Yadda ake koyarwa

Ana amfani da karan dawa, ƙwarya, gwangwanin madara, tsakuwa da bahon ruwa. Yara kan ɗora gwangwani a kan ruwa su ga ya taso, sannan a murƙushe shi a sake sakawa, sai ya nutse, alhali nauyinsa bai canja ba. Daga nan kowace ƙungiya ta haɗa nata jirgin, tana zuba tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa har ruwa ya shiga. Idan aka tara tsakuwar gefe guda, jirgin yakan kife tun bai cika ba.

Amfani

A watan Afrilun 2022, mutum 29, akasarinsu yara, sun rasu a haɗarin kwale-kwale a ƙaramar hukumar Shagari mai maƙwabtaka da Tambuwal. Lodi fiye da kima yana cikin manyan abubuwan da ke jawo irin wannan haɗari. Darasin yana nuna wa yara cewa kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa ita ce alamar wannan iyaka.