FILIN MANOMA: Tsutsa Da Gara Za Su Rage Wa Mai Kiwon Kifi Tsadar Abinci

Kiwon kifi a tafkin da mutum ya haƙa da hannunsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun cikin 1951 aka kafa gonar kifi ta Panyam a Filato, ga shi yau Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa. Amma duk inda masu wannan sana'a suka taru kukansu ɗaya ne, watau tsadar abinci. Cikin kowace naira 100 da mai kiwo zai kashe, naira 60 ko 70 a kan abincin kifin suke ƙarewa. Tarwaɗa 1,000 kafin kowace ta kai kilo guda, cikin wata biyar ko shida, sai sun ci wajen buhu 70 mai kilo 15. Saboda haka mutane da yawa sun haƙa tafki da murna, daga baya suka bar shi ya bushe.

DALILIN TSADAR

Tarwaɗa tana bukatar abinci mai gina jiki ƙwarai, wajen kashi 40 cikin 100 na abincinta ya zama furotin. Masu haɗa abinci sun fi samun wannan daga garin kifi, shi kuwa garin ana yinsa da ƙananan kifayen teku, waɗanda ake kama da yawa daga cikinsu a gaɓar ƙasar Peru. Sai an niƙa ɗanyen kifi kilo huɗu zuwa biyar kafin a sami gari kilo ɗaya. Watau dai ana kashe kifi ne don a ciyar da kifi, teku kuwa tana da iyaka. Cikin 1972 kamun kifin Peru ya rushe da ruwan tekunsu ya yi ɗumi. Cikin 2023 kuma gwamnatinsu ta soke kakar kamu ta farko saboda wannan dalili, kuɗin gari ya tashi a duniya. A shekarar nan ce darajar naira ta faɗi, sai abin ya zama biyu ga mai kiwo na Kano ko na Bida.

ABIN DA KIFI YA SABA CI

In aka tsaga cikin tarwaɗar kogi za a tarar da ƙwari da tana da ƙananan dodon koɗi. Kowane yaro mai fatsa ya san da tana ake yaudararta. Haka kuma matan ƙauye sun daɗe suna kiwon 'yan zabi da gara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri, bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗauko ta cike. Wannan dabara tana yi wa 'ya'yan kifi amfani. In ruwan farko ya sauka shinge ya fito, fitila guda a rataye bisa tafki da dare ta isa ta jawo wa kifi kalaci kyauta.

Amma gara da shinge da tana ba su samuwa da yawan da zai riƙe babban tafki shekara duka. Don haka masana suka juya ga abin da za a iya kiwonsa kamar yadda ake kiwon kaji. Cikin 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da babban rahoto a kan amfanin ƙwari. Cikin 2017 Tarayyar Turai ta yarda a sa garin ƙwari cikin abincin kifi, Kenya da Uganda kuma suka kafa tasu ƙa'idar.

ƘUDAN SOJA

Ƙwaron da ya fi suna a wannan aiki shi ne wani baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, wanda Turawa ke kira baƙin soja. Ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya kuma sauka a kan tuwon mutane, gama in ya zama babba ruwa kaɗai ya ishe shi, kwanansa kuma bai cika wuce mako guda ba. Macen tana yin ƙwai 500 ko fiye, su ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu. Tsutsar ita ce abin nema. In an busar da ita, wajen kashi 40 cikin 100 furotin ne, ga mai kusan kashi 30.

Ga yadda ake kiwonta. A sami rabin ganga ko babbar roba a ajiye a inuwa. A zuba ruɓaɓɓen mangwaro ko kankana da 'yar dusa, a ɗaura guntayen kwali a bisansu ba tare da sun taɓa ba, domin cikin ƙananan ramukan kwalin macen ke son zuba ƙwai. In tsutsa ta fito a riƙa ba ta ragowar kayan gwari na kasuwa, da ɓawon 'ya'yan itace, da dusa, da sauran tuwo. Kada abincin ya jiƙe sharaf: in an damƙa a hannu ɗigo ɗaya ko biyu kaɗai ya kamata su fito. Bayan mako biyu ta ƙoshi, sai a tace da rariya. Shara kilo 100 takan ba da tsutsa kilo 10 zuwa 20, gwargwadon kyawunta, abin da ya rage kuwa taki ne mai kyau ga lambu. A bar kaɗan su yi baƙi su zama ƙuda cikin kejin gidan sauro inda hasken rana ke shiga, don iri kada ya yanke. Zafin bazara yana kashe ta, sanyin hunturu yana hana ta girma, saboda haka rumfa wajibi ce.

Tsutsar ƙudan gida ma kifi na cinta, tana kuma fitowa cikin kwana huɗu ko biyar a kan kashin kaji. Aibinta shi ne in an yi sakaci ƙudaje su cika unguwa, su kawo gudawa.

A YI DA AWO

Nan ne wajen hankali. Tsutsa ba ta ɗauke wa mutum sayen abinci gaba ɗaya. Ɗanyarta kashi biyu cikin uku ruwa ne, fatarta tana da tauri ga cikin kifi, manta kuma yana da yawa. Gwaje-gwajen da aka yi da tarwaɗa sun nuna ana iya cire rubu'i zuwa rabin garin kifi a mai da na tsutsa a gurbinsa, girman kifin bai ragu ba. Hanyar da ta fi ita ce a tsoma ta cikin tafasasshen ruwa, a shanya ta bushe ƙayau, a niƙa, a haɗa da tunkuza da waken suya da masara.

Abu uku kuma a kiyaye. Kada a kiwata tsutsa da mushe ko bayan gida, domin cuta, domin kuma mai saye ba zai sake dawowa ba in ya ji. Kada a ba kifi fara ko gara daga gonar da aka yi wa feshi. Kada a zuba fiye da abin da za su cinye nan take, gama ragowa tana ɓata ruwa.

Mai son farawa ya fara da roba biyu da tafki ɗaya, ya riƙa rubuta abin da ya zuba da nauyin kifinsa kowane mako biyu, ya gwada da tafkin da bai ci tsutsa ba. Gani ya kori ji. Masu sayar da kayan gwari kuma su lura, sharar da suke biyan mai baro ya kwashe musu tana iya zama haja. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya, wannan ruwan kuwa yana nan a jujin kowace kasuwa.