Kwale-kwale Biyu, Tsawo Ɗaya: Wanne Za Ka Saya?

A watan Afrilun 2022, cikin azumi, wani kwale-kwale ya kife a kogin Shagari da mutanen Gidan Magana su 35. An ceto 6, aka yi jana'izar 29. Wato a cikin kowane mutum shida da suka shiga jirgin, ɗaya ne kawai ya fita da ransa. A watan Mayun 2023 kuma aƙalla yara 15 daga Dandeji, a ƙaramar hukumar Shagari, suka rasu a ruwa a kan hanyarsu ta zuwa ɗebo itacen girki. Aƙalla rai 44 ke nan cikin wata 13. Duk lokacin da irin wannan ta faru kalma ɗaya ake ji, wai lodi ya yi yawa. To, nawa ne yawan? Wannan tambaya ita ce ya kamata mai sayen tsohon jirgi ya fara yi kafin ya tambayi kuɗi.

A Turai da Amurka masu sayen tsohon jirgi mai filafilan iska don yawon Asabar da Lahadi sukan kwatanta nauyinsa da tsawonsa, su ga wanne ne ba zai girgiza su ba. Mutumin Bodinga ko Shagari da ya tara kuɗin albasa zai sayi kwale-kwale na hannu, shi neman abinci ya kai shi bakin ruwa, amma lissafin ɗaya ne.

Mu ƙaddara an nuna maka jirage biyu na katako, kowanne tsawon mita 8, an shafe su da fenti iri ɗaya. Na farko faɗinsa mita 1.2, na biyu mita 1. Bambancin bai wuce taƙi ɗaya ba, ido ma ba lallai ya kama shi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuwa yana nitsewa ne har sai ya ture ruwan da ya kai nauyin abin da aka ɗora masa. Da yake goshin kwale-kwale da bayansa a tsuke suke, sai a ninka tsawo da faɗi, a ɗauki wajen kashi 70 cikin 100. Na farko ya ba da murabba'in mita 6.7, na biyu 5.6. Ma'ana, na farko yana sauka santimita ɗaya a kan kowane kilo 67, na biyu kuwa kilo 56 ya ishe shi. A taƙaice, duk baligin da ya taka jirgi ya cinye santimita ɗaya.

Sai adadi na biyu, wanda dillali ba ya kawo maganarsa: tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi idan babu kowa a ciki. A nan tsufa yake nuna kansa. Katakon da ya daɗe yana shan ruwa ya yi nauyi, ga faci a kan faci, ga kwalta, ga gwangwanin da aka buga da ƙusa a inda ya tsage. A ce na farko yana da santimita 35, na biyu 28. Ni a ganina duk wanda ya bar ƙasa da santimita 15 a saman ruwa yana wasa da rai ne, ko da ranar babu iska. Saura 20 ke nan ga na farko, 13 ga na biyu.

Yanzu a buga. Santimita 20 sau kilo 67 ya ba da 1,340. Santimita 13 sau 56 ya ba da 728. Idan aka ɗauki baligi a kan kilo 65, na farko zai ɗauki mutum 20, na biyu 11, har da matuƙi. Jirage biyu da suke kamar an tsaga kara, ɗaya ya kusa ninka ɗaya.

Ɗauki mutum 35 ka zuba a jirgi na biyu, kuma ka ce yara ne masu kilo 40. Kilo 1,400 ke nan, jirgin ya sauka santimita 25. Abin da ya rage a sama 3 ne, faɗin yatsu biyu. Ba sai an yi guguwa ba. Yarinya ɗaya ta miƙe za ta gyara zani, sauran suka karkata gefe guda, magana ta ƙare. Wannan ya sa zancen "ai yara ne, ba su da nauyi" yake ba ni tsoro fiye da kowane zance a bakin mashiga. Kuma tafiya ce kawai aka lissafa, ba a sa damin itacen da za a dawo da shi ba.

Ruwan da ke kwance a cikin jirgi ma kaya ne. Idan gindinsa murabba'in mita 5 ne, ruwa ya taru santimita 5, wanda da ƙyar zai rufe tafin ƙafa, lita 250 ke nan. Jarka goma masu lita 25, ko fasinja huɗu da ba su biya ba. Ya ma fi fasinja sharri, don shi duk inda jirgi ya karkata nan yake gudu ya ƙara danna shi. Saboda haka kafin ciniki a kwarfe jirgin tas, a bar shi awa ɗaya a ruwa, a ƙirga ƙwarya nawa za a sake kwarfewa.

Batun kuɗi ba shi da wuya. A ce an sallama na biyu naira 300,000, na farko 450,000. Raba da yawan mutanen da kowanne zai ɗauka: kujera ɗaya a mai arahar ta kama wajen 27,000, a mai tsadar 22,500. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi na biyu kuwa, hanya ɗaya yake da ita ta mayar da kuɗinsa da wuri, ita ce ƙara mutum a kan mutum ranar kasuwa.

Ingila ta sha fama da matsalar yawan lodi a teku, sai da ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya tayar da ƙura kafin dokar 1876 ta tilasta zana layin lodi a jikin jirage. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, tana ta nanata rigar kariya da hana tafiyar dare, amma layin nan kowane mai jirgi zai iya zana abinsa da guntun fenti. Kuma ba sai da alƙalami ba za a gwada. Ɗaure kara a jikin jirgi yana wofi, ka yi masa alama a daidai ruwa, ka kira samari goma su shiga su zauna, ka sake dubawa. Idan alamar ta nitse fiye da rabin taƙi, ka ce wa dillali ya nuna maka ɗayan.