Allon Kwamfuta da Agogon da Ba Ya Neman Shaida

Duk sanda labari ya sake zagayowa a kafafen fasaha cewa an yi amfani da allon kwamfuta wajen karkatar da agogon bango ba tare da an taɓa shi ba, masu karatu kan rabu gida biyu, wasu su ɗauki abin siddabaru, wasu kuma su firgita cewa an yi wa agogon kutse. Dukansu sun kauce wa gaskiyar al'amari, domin babu abin da aka fasa a cikin agogon, aikinsa kawai ya yi yadda aka ƙera shi, wato ya gaskata duk saƙon da ya fi ƙarfi a kusa da shi.

Irin wannan agogo yana saita kansa ne da saƙon da wata tashar rediyo ke watsawa daga agogon atom. A Jamus tashar DCF77 da ke Mainflingen, kusa da Frankfurt, tana watsawa a kan kilohaz 77.5, wato kaɗawa 77,500 a kowace daƙiƙa, yayin da tashar MSF ta Ingila da WWVB ta Amurka ke kan kilohaz 60. Tashar Jamus tana rage ƙarfin siginarta a farkon kowace daƙiƙa, gajeren ragi yana nufin sifili, mai ɗan tsawo yana nufin ɗaya, kuma cikin minti guda agogon ya harhaɗa awa da rana da wata da shekara. Saƙon kan kai kimanin kilomita 2,000, alhali tsakanin Kano da Frankfurt ya haura 4,000, shi ya sa irin agogon idan ya shigo cikin kayan gwanjo ba ya saita kansa a nan. Tsohon allo mai ƙeya kuwa yana da naɗin waya da ke jan hasken hoton layi bayan layi sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan naɗin yana fitar da ƙarfin maganaɗisu. Idan aka daidaita saurin layukan da zangon tashar, aka riƙa sauya ƙarfin bisa tsarin saƙon, agogon da ke kusa sai ya ɗauki allon a matsayin tasha, tunda saƙon gaskiya ya riga ya raunana kafin ya iso. Tasirin ba ya wuce ɗan taƙi, kuma masu agogo a ƙasashen da saƙo ba ya kaiwa sun daɗe suna yin makamancin haka da manhajar waya da abin sauraro na kunne don saita agogonsu.

Abin da rahotanni ke tsallakewa shi ne cewa yoyon sigina daga na'ura ya girmi kwamfutar tebur nesa ba kusa ba. A shekarar 1943 wani injiniya a ɗakin bincike na kamfanin Bell ya lura cewa duk harafin da na'urar ɓoye saƙo ta sojan Amurka ta sarrafa, sai wata na'urar awo da ke can gefe ta motsa. Da sojoji suka yi shakka, injiniyoyin suka zauna a wani gini da ke tsallaken titi a birnin New York, tazarar kimanin mita 25, suka tsinto kusan kashi 75 cikin ɗari na saƙon da ake zaton a ɓoye yake. Maimakon a gyara na'urorin, sai aka wadatu da umarnin a riƙa tsare kewayen ɗakunan aika saƙo, bayan yaƙi kuma aka manta da batun har sai da hukumar CIA ta sake gano shi a 1951. Daga baya aka laƙaba wa fannin suna TEMPEST, aka kulle shi cikin sirrin gwamnati shekaru da dama, wanda hakan ya bar masana'antu da bankuna cikin duhu.

Wim van Eck, injiniya a hukumar sadarwa ta Holand, shi ya fasa ƙwan a 1985, inda ya nuna cewa da akwatin talabijin da aka ɗan yi wa kwaskwarima ana iya karanta abin da ke kan allon wani daga nesa. A 1998 Markus Kuhn da Ross Anderson na Jami'ar Cambridge suka juya tambayar, suka nuna cewa manhaja na iya sarrafa yoyon da gangan ta mai da allon ƙaramar tashar watsawa. Bayan shekara uku Erik Thiele ya fitar da manhajar da ke sa allo ya kaɗa waƙa a rediyon da ke kusa, a 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila suka tura bayanai daga igiyar allo zuwa wayar hannu. Yaudarar agogo jikanyar wannan aiki ce, kuma ita ce mafi ƙarancin haɗari a dangin.

Inda gizo ke saƙar shi ne cewa saƙon lokaci ba ya ɗauke da sa hannun da zai tabbatar da wanda ya aiko shi. Abin ban takaici, bayanan yanayi da tashar Jamus ke haɗawa cikin saƙonta a kulle suke saboda na sayarwa ne, lokacin kansa kuwa a buɗe yake ga duk mai son kwaikwayo. Wannan rauni yana tattare da siginar GPS ta farar hula, wadda kamfanonin sadarwa da bankuna da masu rarraba wutar lantarki a ƙasashe da yawa ke karɓar lokaci daga gare ta, kuma a 2024 katsalandan ga GPS ya tilasta wa kamfanin Finnair dakatar da zirga-zirga zuwa Tartu ta Estoniya na tsawon wata guda. Bai kamata hukumomin da ke sa ido kan sadarwa da bankuna su jira sai an sami saɓanin lokaci a rajistar kuɗin jama'a ba kafin su tambayi kowane kamfani daga ina yake samun lokacinsa, da abin da zai yi idan majiyar ta yi ƙarya. Tun 2020 aka fitar da ƙa'idar NTS mai tantance lokacin da ake karɓa ta intanet, taurarin Galileo na Turai ma sun fara sa wa saƙonsu hatimin da na'ura za ta iya bincika.