Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Za Mu Auna Sokoto United Kafin a Koma Fili

Da zarar an rufe kakar wasa, sai kasuwar baki ta buɗe. A gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi na Sabon Gari, a nan birnin Sakkwato, watannin Yuni da Yuli da Agusta lokacin lissafi ne: wa Arsenal za ta saya, nawa Real Madrid ta biya, shekara nawa ta rage a kwantiragin wane. Yaron da bai gama sakandare ba zai jero maka 'yan bencin Barcelona ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma ka tambayi majalisar wa zai tsare ragar Sokoto United a kaka mai zuwa, ko 'yan baya nawa suka rage cikin na bara, sai ka ji an yi tsit.

Wannan shirun yana da tsada. Sakamakon da muke kuka da shi ko muke murna da shi a filin wasa na Giginya, tun a watannin hutu ake rubuta mafi yawansa. Lokacin ne ake sallamar 'yan wasa, ake ɗauko wasu, ake yanke shawarar koci zai zauna ko zai tafi. Magoyin bayan da bai sa ido a wannan lokaci ba, ya bar a yanke hukunci a bayan idonsa.

Taki ɗaya ya rage a Inugu

A watan Yunin 2024, ƙungiyoyi takwas da suka fi fice a gasar rukuni na biyu, wato NNL, suka hallara a Inugu domin neman gurabe huɗu na shiga gasar Firimiya ta Najeriya. Sokoto United na cikinsu. Da aka tashi, Nasarawa United da El-Kanemi Warriors da Ikorodu City da Beyond Limits ne suka yi nasara. Tamu ta dawo gida hannu rabbana.

Rashin ya yi ciwo, amma akwai albishir a cikinsa. El-Kanemi da muka yi gogayya da ita a rukuni ɗaya, a ƙarshen wannan watan ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a Legas ta ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa. Ikorodu City kuwa, a kakarta ta farko a Firimiya, ta ƙare a matsayi na huɗu. Ke nan tazarar da ke tsakanin Giginya da babbar gasa ba ta kai yadda ake zato ba. Ƙungiyar da ta kai wannan mataki, ƙari take buƙata a kan abin da take da shi. Abin tsoro shi ne al'adar da ta zama ruwan dare a ƙungiyoyin da gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu: a rasa abin da aka nema, a fusata, a sallami rabin 'yan wasa, a kira taron tantance sababbi, a koma farko.

Yadda masu kallon hoki ke yin nasu lissafi

A Kanada da Amurka akwai wasan da ake kira hoki na ƙanƙara. 'Yan wasa shida-shida ne ke zamiya a kan daskararren ruwa da takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna. Babbar gasarsu, NHL, tana da ƙungiyoyi 32. Ba wasanmu ba ne, kuma zafin Sakkwato ba zai bar shi ya zama namu ba. Abin koyi a wurinsu shi ne yadda magoya baya ke cin moriyar lokacin hutu.

Ana gama gasa a watan Yuni, sai a yi zaɓen matasan 'yan wasa a bainar jama'a, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi ke samun damar zaɓa da wuri. Ranar 1 ga Yuli kuma a buɗe cinikin waɗanda kwantiraginsu ya ƙare. Tun 2005 aka sa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya. A kakar 2024 zuwa 2025 iyakar dala miliyan 88 ce. Albashin kowane ɗan wasa da tsawon kwantiraginsa a fili suke. Saboda haka direban tasi a Toronto zai iya ɗaukar biro da takarda ya ce: masu tsaron raga biyu gare mu, ɗaya ya tsufa, kuɗin da ya rage ba zai sayi ɗan gaba mai tsada ba, don haka a riƙe wane, a saki wane. Idan shugabannin ƙungiya suka yi ɓarna, tun kafin a buga wasan farko jama'a sun gani.

Mu ma za mu iya irin wannan lissafi gwargwadon halinmu. Ga ma'aunan da nake ganin ya kamata kowane mai son Sokoto United ya riƙe.

Su wa suka zauna?

Idan aka sanar da sababbin 'yan wasa goma sha biyar, mutane kan yi tafi. Ni kuwa gabana ke faɗuwa, domin ma'anarsa goma sha biyar sun tafi. Tambayar farko ita ce: cikin sha ɗayan da suka fi buga wasa bara, nawa ne za su dawo atisaye?

Tarihin Kano Pillars ya isa hujja. Sai Masu Gida sun ɗauki kofin Firimiya a 2008, sannan suka jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A shekarun nan uku an canza masu horarwa, amma ƙashin bayan ƙungiyar bai motsa ba: Theophilus Afelokhai a raga, Rabi'u Ali a tsakiya, Gambo Mohammed a gaba. Kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Irin wannan sabo ba a sayensa a kasuwa, sai an yi shekaru ana shan rana tare.

Remo Stars ta garin Ikenne ta maimaita darasin. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024. Ba ta kori kocinta Daniel Ogunmodede ba, ba ta watsa ƙungiya ba. A 2025 ta ɗauki kofin a karon farko a tarihinta. Da a ce an yi mata irin fushin da aka saba, da har yau tana neman hanya.

A ƙwallo akwai layin da ya ratsa tsakiyar fili daga raga zuwa raga: mai tsaron gida, 'yan baya biyu na tsakiya, ɗan tsakiya mai tare hanya, da maciyin ƙwallo. Waɗannan biyar su ne ya kamata a fara ɗaurewa da kwantiragin shekara biyu ko uku tun kafin a tafi hutu. 'Yan gefe ana iya canza su ba tare da gini ya girgiza ba. Idan aka taɓa uku cikin biyar ɗin nan a lokaci ɗaya, to sabuwar ƙungiya ce ke sanye da tsohuwar riga, kuma za ta zubar da maki a wasanni biyar ko shida na farko kafin ta gane kanta. A gasar da ake raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, wasannin ba su da yawa, wannan asara kaɗai ta isa ta hana zuwa matakin ƙarshe.

Benci daidai da ƙasarmu

Ma'auni na biyu ya shafi inda Allah ya ajiye mu. Sakkwato na can ƙuryar arewa maso yamma, kusan kowane wasan waje doguwar tafiya ce a mota. Daga nan zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000. Ɗan wasan da ya wuni a zaune a bas, ƙafafunsa a lanƙwashe, ya kwana a masauki, washegari ya shiga fili da ƙarfe huɗu na yamma, ba shi ne wanda aka gani a atisaye ba.

Ga kuma yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke cika ƙirji, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris, ana tsakiyar kaka, kuma 'yan wasa da dama na buga ƙwallo da azumi a bakinsu. Tun 2022 dokar ƙwallo ta tabbatar da canjin 'yan wasa biyar a wasa ɗaya. Ga ƙungiya irin tamu wannan doka rahama ce, amma sai in akwai mutum biyar a benci da koci zai iya juyawa ya kira ba tare da fargaba ba.

Don haka kada a ruɗe mu da yawan suna. 'Yan wasa arba'in da ba a iya biyansu ba su kai ashirin da biyar da ake kula da su ba. Abin dubawa shi ne: kowane gurbi yana da mutum biyu? Masu tsaron raga sun kai uku? Akwai wanda ya ƙware a bugun tazara da na kusurwa, tunda a filayen da ba su da laushi sau da yawa a nan ake samun ƙwallon da ke raba gardama? Akwai mai kula da lafiyar 'yan wasa da ke tafiya da su ko'ina? Zafin da ke wahalar da mu kuma makami ne a hannunmu idan baƙi suka zo Giginya, muddin namu sun fi su juriya.

'Ya'yan gida, da kuɗin da ke bin su

Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne. A Kano Pillars ya yi suna, daga nan ya wuce Kuwait da Fotugal da Cyprus da Turkiyya. Yana cikin tawagar da ta ciyo wa Najeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma je Kofin Duniya a Rasha a 2018. Duk Basakkwace yana alfahari da shi. Tafiyarsa ta nuna cewa ƙasar nan na fitar da 'yan ƙwallo, kuma yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen makarantu daga Sabon Gari har Wurno da Tambuwal da Gwadabawa ba su rasa irinsa ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan matashi ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin sawun wannan kuɗi ya kai su ga masu shi. Sharaɗin ɗaya ne: sai an yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyar, da shekarunsa na gaskiya. Ƙungiyar da ta bar yaro ya tafi babu takarda, tamkar manomi ce da ya sayar da irin shukarsa da rani.

Saboda haka idan aka fitar da jerin sunaye, mu ƙirga 'yan ƙasa da shekara 21, mu ƙirga waɗanda suka fito daga ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ba ina cewa a rufe ƙofa ga ɗan Jos ko ɗan Aba ba. Ƙwallo ba ta san ƙabila ba, kuma gogaggun baƙi ne ke koya wa yara sana'ar. Ana dai son a haɗa: manya huɗu ko biyar da suka san hanyoyin gasar, matsakaita masu ɗaukar nauyi, da matasa da ake renonsu don gobe. Ɗan unguwa a cikin fili kuma shi ne ke jawo unguwar gaba ɗaya ta zo kallo.

Haƙƙin ɗan wasa

Duk lissafin da ya gabata banza ne in ba a biya. Bashin albashi da kuɗin sa hannu da alawus na wasa tsohuwar cuta ce a ƙwallon Najeriya, kuma 'yan wasa na gaya wa junansu inda ake cika alkawari da inda ba a yi. Ɗan wasa magidanci ne, shekarun cin abincinsa da ƙafa ba su cika wuce goma zuwa sha biyar ba. In ya ji wata ƙungiya na biya a ƙarshen kowane wata, zai tafi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ƙungiyar da kuɗinta ke fitowa daga baitulmalin jiha tana buƙatar a saki kasonta tun farkon hutu. In aka jira sai saura mako biyu a fara gasa, nagartattu sun riga sun sa hannu a wani wuri, sai a tsinci abin da ya rage.

Abin da muke roƙo

Daga hukumar gudanarwar Sokoto United da ma'aikatar wasanni ta jiha, abu uku muke nema, kuma babu mai tsada a ciki. A bayyana wa jama'a sunayen 'yan wasa da gurabensu da shekarunsu da tsawon kwantiraginsu, aƙalla wata guda kafin wasan farko. A ba koci wa'adin da bai gaza shekara biyu ba, a bar shi ya zaɓi mutanensa ba tare da takardar wani babba ba. A kafa ƙungiyar matasa mai rajista, wadda za ta riƙa atisaye kusa da manya.

Mu magoya baya ma da namu aikin. Mu je kallon atisaye da wasannin sada zumunta. Mu kira gidajen rediyo a shirye-shiryen wasanni mu tambayi su wa aka riƙe, su wa aka saki, da dalili. Ranar wasa mu sayi tikiti mu shiga ta ƙofa. Kuɗin jama'ar Sakkwato ne ke tafiyar da wannan ƙungiya, don haka jama'a na da ikon tambaya, kuma lokacin da tambayar ke da amfani shi ne yanzu, kafin a rufe rajistar 'yan wasa.